Ina so in zama malamin tarihin tsohuwar Girka, gida kuwa an ce in nemi abin da ake ci

Assalamu alaikum. Shekarata 26, na karanta Tarihi a wata jami'a a Arewa, na fita da daraja ta biyu mai girma, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Tun a aji biyu da aka yi mana kwas guda kan tsofaffin daulolin duniya, tarihin Girkawan dā ya shiga raina bai fita ba. Burina in yi digiri na biyu da na uku a kansa, in zama malamin jami'a. Ko harafi ɗaya na Girkanci ban sani ba, amma na yi karatun zaure, na sauke Ajurumiya, na kai rabin Alfiyya. Mahaifina yana so in koma in karanta abin da ake samun aiki da shi, ga maganar aure ta taso, abokai kuma suna ta zolayata wai tarihin masu bautar gumaka me zai tsinana mini. Ta ina zan fara, kuma akwai abinci a ciki?

Wani matashi daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙarshe za mu fara ɗauka, don ita ce tambayar Baba, kuma tambaya ce ta mai hankali.

A duk faɗin Najeriya sashe ɗaya ne tak da aka ware don nazarin Girka da Rum na dā, harshe da adabi da tarihi, shi ne na Jami'ar Ibadan, wanda ya faro tare da jami'ar a 1948. A Gana akwai a Legon da Cape Coast, dukansu an haɗe su da falsafa. Akwai kuma a Masar, da Afirka ta Kudu mai sassa da dama. Sassan Tarihi na Arewa kuwa an gina su ne a kan tarihin Afirka, tun zamanin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman a Zariya, kuma abin da ya kamata ke nan. Girka a wurinsu kwas ɗaya ce ko biyu, ba a buɗe gurbi don ita kaɗai. A Turai da Amurka ma masu digirin digirgir sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Mutum ya gama daga babbar jami'a, ya yi ta yawon kwantiragin shekara ɗaya ko uku daga wannan gari zuwa wancan, wasu har su gaji su bar harkar. Wasu sassan ma rufe su ake yi: Jami'ar Howard da ke Washintin, daɗaɗɗiyar jami'ar baƙar fata, ta rushe nata sashen a 2021. Saboda haka abincin akwai, amma ɗan kaɗan ne, kuma ba ya zuwa da wuri. Wanda ya ce maka ba haka ba, bai san kasuwar ba.

Ba mu ce ka haƙura ba. Cewa muke kada ka ajiye aikinka, kada ka taɓa kuɗin kowa, sai ka ci wata jarrabawa da za ka yi wa kanka a gida cikin shekara guda. Jarrabawar kuwa harshe ce.

Kwas ɗin da ya burge ka da fassarar Turanci aka yi maka shi. A matakin bincike ba a yarda da wannan. Ka san yadda ake kallon mai fatawa daga fassarar hadisi alhali bai iya buɗe matani ba. Haka ake kallon mai nazarin Girka da ba ya karanta Girkanci. Yawancin masu neman gurbi daga sassan Tarihi nan suke faɗuwa tun kafin a duba basirarsu. Manyan jami'o'in Amurka sukan sa ran mai nema ya yi kamar shekara uku a ɗaya daga cikin Girkanci da Latin, shekara biyu a ɗayan. Sassan Tarihi sukan ɗan sassauta a kan Latin, Girkanci kuwa ba sassauci.

Sa'arka ita ce zauren da ka zauna. Haruffan 24 ne, cikin mako guda ka gama da su. Abin da ke sa ɗaliban Ingila kuka shi ne li'irabi, wato ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, kai kuwa ka sha raf'u da nasbu da jarru tun kana yaro. Bambancin shi ne Girkanci yana da hali biyar maimakon uku, jinsi uku maimakon biyu, har da tasniya yana da ita, ko da yake ba ta cika fitowa ba. Hausarka ma za ta yi maka rana: tsohon Girkanci yana rarrabe dogon wasali da gajere, yana da karin sauti mai hawa da sauka, waƙarsa kuma a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi ake auna ta, kamar arulin da marubuta waƙoƙinmu suke bi.

Inda za ka ji jiki shi ne fi'ili. Kowane fi'ili yana da siffofi shida na tushe da sai an haddace su, kuma na yau da kullum su ne suka fi taurin kai. Ɗauki "gani": "ina gani" horao ne, "zan gani" opsomai, "na gani" eidon. Ba abin da ya haɗa su a ido. In ka ci karo da eidon a shafi ba ka haddace ba, sai ka yi ta laluben ƙamus kana neman abin da yake zaune a ƙarƙashin wani harafi daban. Masu koyo da kansu galibi a wata na uku ko na huɗu suke sarewa, daidai lokacin da waɗannan siffofi suka taru, domin sun yi ta tsallake hadda suna cewa sa dawo daga baya. Ka yi masa irin ta allo: kaɗan kullum, da baki, a bita kafin a ƙara.

Littafin koyo guda ɗaya za ka riƙe har ƙarshe. Na Mastronarde mai darasi 42, ko na Hansen da Quinn mai darasi 20, sun dace da wanda ya saba da nahawu tsantsa. Athenaze kuwa ta hanyar labari yake koyarwa, ya fi sauƙin haɗiya amma ya fi jan lokaci. Kowanne ka ɗauka, karin Atika yake koyarwa, wato Girkancin birnin Atina na ƙarni na biyar da na huɗu kafin Miladiyya, shi ne ma'aunin da ake gwada kowa da shi. Awa ɗaya da rabi a rana, kwana shida a mako, bayan asuba kafin ka tafi makaranta, wata tara zuwa goma sha biyu. Ka haɗa da jerin kalmomi kusan 500 da Kwalejin Dickinson ta ajiye kyauta a intanet, waɗanda su kaɗai suke cike kusan kashi biyu cikin uku na kalmomin shafi. Ƙamus kyauta yana Logeion, matani kyauta suna Perseus. Amma ka yi hattara da Perseus: kana danna kalma zai warware maka li'irabinta, kuma wanda ya saba da dannawa zai shekara biyu yana zaton yana karatu alhali na'ura ce ke yi masa. Sai ka yi naka ƙoƙarin a takarda tukuna.

In ka gama littafin koyo, ka fara da marubucin tarihi Zenofon, labarinsa na sojojin haya dubu goma da suka maƙale a tsakiyar daular Farisa a 401 kafin Miladiyya, ko jawabin farko na Lisiyas, mai rubuta wa mutane jawabin kotu, kariyar wani magidanci da ya kashe kwarton matarsa. Gajere ne, kuma za ka ga cikin gidan Ba'atine har ɗakin sama. Daga nan manyan marubutan tarihi: Herodotus, mai karin Iyoniya. Tukididis, wanda Turawa ke rubutawa Thucydides, ka bar shi ƙarshe. Jawaban da ke cikin littafinsa, masanan zamanin dā ma sun koka da wuyarsu. Jarrabawar da muke nufi ita ce: a ƙarshen shekara ka buɗe shafin Zenofon da ba ka taɓa gani ba, layi 30, da ƙamus kawai, ka fassara cikin awa ɗaya, sannan ka gwada da fassarar da aka buga. In ma'anar ta fito, ka ci. In kuwa shekarar ta wuce kana darasi na takwas, to ka san abin da kake so labarin Girkawa ne, kuma ana iya son sa har tsufa ba tare da an mai da shi sana'a ba.

Koyon kai yana da aibi guda: ba ya barin shaida a takardar sakamako, kwamitin ɗaukar ɗalibai kuwa takarda yake gani. Akwai hanyoyin toshe wannan. Makarantun tauhidin Kirista, irin ta Bukuru kusa da Jos, suna koyar da Girkancin Sabon Alkawari, wanda ake kira Koine. Ya fi na Atika sauƙi kuma ya zo daga baya, don haka ba zai wadatar ba shi kaɗai, amma malaminsa zai iya duba maka aiki, kuma shi ne harshen takardun Masar na zamanin bayan Iskandar. Akwai kwasa-kwasan bazara masu zafi, na mako goma a jami'ar birnin New York, na mako takwas a Cork ta ƙasar Ayalan, da suke dunƙule karatun shekara guda ko fiye. Suna da tsada, sai da tallafi. Sannan ga Ibadan. Rubuta wa sashen ka tambayi abu uku: ko suna karɓar mai digirin Tarihi a digiri na biyu, wane matakin harshe suke nema, da kuma wa ke duba kundi a ɓangaren tarihin Girka a bana. Ta uku ta fi muhimmanci, don sashe yana iya kasancewa amma mutumin da kake buƙata ya tafi hutun bincike.

Kada mu ɓoye maka, bayan Girkanci akwai saura. Latin, sannan Jamusanci da Faransanci na karatu, ba na magana ba. Babban kundin ilimin fannin, Pauly-Wissowa, mujalladi sama da 80 ne da Jamusanci, an shafe fiye da shekara 80 ana haɗa shi. Bitar sababbin rubutun dutse da ake yi duk shekara da Faransanci take fita. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karanta wannan shafi sun riga sun tsallake ɗaya. Waɗannan a bar su sai shekara ta biyu. Wanda ya ɗauki harshe uku lokaci guda ba ya sauke ko ɗaya.

To mene ne ainihin aikin, in an iya harshen? Ba maimaita yaƙin Maraton na 490 da na Salamis na 480 kafin Miladiyya, da Girkawa suka gwabza da Farisa, ba ne, waɗannan an gama ba da labarinsu. Aikin shi ne tuhumar madogara. Ga misalin da zai yi maka kusa. A littafi na biyu, babi na 32, Herodotus ya kawo labarin samari biyar 'ya'yan manya daga ƙabilar Nasamon ta gaɓar Libiya, waɗanda aka fitar da ƙuri'a suka keta hamada, wasu gajerun mutane baƙaƙe suka kama su suka kai su wani gari a bakin babban kogi mai kadoji, yana gudu daga yamma zuwa gabas. Ɗalibi mai zumuɗi nan take zai ce ai Neja ce, kuma an daɗe ana faɗin haka. Masani kuwa isnadi zai fara dubawa, kuma Herodotus da kansa ya bayar: shi ya ji daga mutanen Kirene, birnin Girkawa a Libiya, su sun ji daga Etiyarkos sarkin Amonawa na dausayin Siwa, shi kuma daga wasu Nasamonawa, su ma labarin wasu suke bayarwa. Baki huɗu, harshe aƙalla biyu, ba ganau ko ɗaya a kusa. Sannan ya duba abin da labarin yake yi wa mai ba da shi: a babin da ke biye Herodotus yana son ya nuna cewa Nilu daga yamma ya taso, ya yi daidai da kogin Danub a Turai, don haka kogi mai gudu gabas abin da yake nema ne. Wannan bai ƙaryata labarin ba, amma ya rage abin da za ka iya ɗora masa. Irin wannan karatun ake biya a yi. Haka za ka riƙa tuna cewa marubuci Fulutak, da ake yawan jawowa kan Ferikilis, jagoran Atina, ya rubuta nasa ne bayan fiye da shekara 500, kamar a ce yau wani ya zauna rubuta rayuwar Muhammadu Rumfa.

Sabon abu kuwa galibi ba daga littattafan yake fitowa ba, daga dutse ne da tsabar kuɗi da takardar bardi (tsohuwar takardar Masar) da tonon kufai. Tun daga shekarar 454/3 kafin Miladiyya (ana rubuta ta haka ne don shekarar Atina da tsakiyar bazara take farawa, sai ta hau biyu cikin namu) Atinawa suka riƙa sassaƙa a dutse kashi ɗaya cikin sittin na harajin da garuruwan da ke ƙarƙashinsu suke biya, rabon gunkiyarsu Atena. A kuɗinsu, talanti ɗaya darakma 6,000 ne, don haka in ka ga 100 a gefen sunan gari, talanti guda ya biya. Tsibirin Aigina mai 3,000 talanti 30 ke nan. Dutsen farko ya haura mita uku da rabi, a farfashe aka tsince shi aka yi ta harhaɗawa. Daga waɗannan gutsattsarin ake gane wane gari ya yi tawaye a wace shekara, abin da Tukididis bai faɗa ba. Akwai kuma wata yarjejeniya tsakanin Atina da garin Egesta na tsibirin Sisili, wadda sunan shugaban shekarar, wanda da shi ake gane shekarar, ya goge, saura haruffa biyu na ƙarshe, ON. An daɗe ana bin wata ƙa'ida cewa harafin sigma (wato S) mai zane uku, irin wanda ke jikin dutsen, ya daina fitowa a rubutun hukuma wajen 445, sai aka ce sunan Habron ne, shekarar 458/7. Masani Harold Mattingly ya shafe shekaru yana cewa Antifon ne, 418/7, ana yi masa kallon mai taurin kai. A 1990 aka buga sakamakon haska dutsen da hasken leza, aka ga burbushin haruffan da suka goyi bayansa, kuma yau mafi yawan masana sun koma ra'ayinsa. Shekara 40 ta motsa a kan harafi biyu, tare da ita kuma tambayar yaushe mulkin Atina ya zama danniya. In wannan labari ya sa ka gyara zama, alama ce mai kyau. In ya gundure ka, ka lura, don rabin rayuwar masanin haka take. Rubutun dutsen suna nan kyauta a rumbun intanet na Packard, na bardi a papyri.info, ba sai ka je Atina kafin ka fara leƙawa ba.

Zaɓen maudu'i shi ne inda za ka ci riba ko ka yi asara. Kada ka je ka yi takara da wanda ya fara Girkanci yana ɗan shekara 12 a kan dimokuraɗiyyar Atina ko yaƙin Feloponis na Atina da Sparta, 431 zuwa 404. An tattake wurin. Ka tsaya inda abin da ka taso da shi yake da daraja. Girkawa sun zauna a Afirka: Kirene a Libiya an kafa ta wajen 631, Masar kuma zuriyar Batlamus sun mulke ta daga bayan mutuwar Iskandar a 323 har zuwa 30 kafin Miladiyya, kuma yashin Masar ya adana takardun haraji da wasiƙu da ƙararraki. Daga jujin Bahnasa kaɗai, wadda Girkawa ke kira Oksirinkos, an kwaso gutsattsari kusan rabin miliyan tun daga 1897, kaɗan ne aka buga. Akwai tarihin baka: masu nazarin Herodotus sun ɗauko dabarun masani Jan Vansina ne, wanda a Afirka ya gina su, kai kuwa ka san yadda maroƙi yake tsallake sarki a jerin sarauta da dalilin da ya sa. Akwai kwatancen birane masu cin gashin kansu: cibiyar Mogens Hansen a Kofanhegan, wadda ta ƙirga biranen Girka 1,035, ta fitar da kundi a 2000 da ya jera al'ummomi 30 masu irin wannan tsari, biranen Hausa suna ciki da babinsu.

Larabcinka kuma jari ne, amma ka san inda yake ci. A Bagadaza ta Abbasiyawa, su Hunainu ɗan Ishaƙ sun fassara likitanci da falsafa da lissafi. Wasu littattafan likita Jalinusu da kashi na biyar zuwa na bakwai na littafin Afoloniyus kan lissafi sun ɓace a Girkanci, a Larabci kawai suka tsira. Masu haɗa harsunan biyu kaɗan ne a duniya. Sai dai ba su fassara Herodotus ko Tukididis ba, don haka Larabci zai kai ka tarihin ilimi ne, ba tarihin siyasa da yaƙi ba. Nan ma amsar abokanka take. Manɗiƙin da ake karantawa a zaure asalinsa na Arisɗo ne, kuma Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Rumfa, ya yi nazamu a kansa, har suka yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halascin koyonsa. Sanin abin da mutane suka bauta wa daban, bauta masa daban.

Tarko guda a nan: kwatance ba dangantaka ba ne. Cewa Kano da Korinti sun yi kama a wani tsari bai nuna wani ya koya daga wani ba. Shawarar bincike da ta ce za ta tabbatar Girkawa daga Afirka suka kwashi komai tana mutuwa a shafin farko. Muhawarar da Martin Bernal ya tayar a 1987 kan tasirin Masar da Finiƙiya a Girka ta gaske ce, amma mai shigarta sai ya iya tsohon harshen Masar ko na Finiƙiya a kan Girkancin.

Ga yadda muke ganin tsarinka. Shekarar farko, aiki da Girkanci. In ka ci jarrabawar, ka yi digiri na biyu a gida, Ibadan in ta yiwu, in ba haka ba sashen Tarihi mafi kusa, da kundi a kan abu kamar Libiya da hamada a littafi na huɗu na Herodotus, wanda malamin tarihin Afirka zai yarda ya duba. Da wannan digirin kana iya neman gurbin mataimakin malami a sashen Tarihi, ka shiga layin da ke tafiya daga nan zuwa malami na biyu, na ɗaya, babban malami, har farfesa, kuma sai kana ciki tallafin TETFund yake duba ka, da sharaɗin komawa ka yi musu aiki. Wannan ita ce ƙafarka ta biyu, kada ka sake ta: ka zama mai iya koyar da tarihin Afirka ta Arewa da dabarun bincike, ka riƙa rubutu a can ma.

Digiri na uku kuwa, doka ɗaya ce ba ta da togiya: ba a biyan kuɗin aljihu. Kada a sayar da gona ko fili don wannan fanni, ba zai mayar ba. A Amurka shirin shekara biyar zuwa bakwai ne, jami'o'in kirki suna yafe kuɗin makaranta su ba da alawus, akwai shekara biyu ko uku na kwasa-kwasai da jarrabawar fassara kafin a fara kundi, ana rufe karɓar takardu a Disamba ko farkon Janairu. Wannan tsari ya fi dacewa da wanda ya makara a harshe. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kundi mai kalma 80,000 zuwa 100,000, ba mai koya maka komai, ana ɗauka ka zo da kayanka. Kuɗin makaranta na baƙo ya haura fam 20,000 a shekara, sai da irin tallafin Gates a Kambirij ko Clarendon da Ertegun a Okisfod, masu tsananin takara. Tallafin Kwamanwel ya fi karkata ga fannonin raya ƙasa, kada ka dogara da shi. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, amma biza tana neman ka nuna sama da Yuro 11,000 na shekara a asusu ko takardar tallafi irin ta DAAD, kuma sukan nemi shaidar jarrabawar Latin da Girkanci tasu ta hukuma.

Abin da ake karantawa da gaske a takardunka shi ne samfurin rubutu, shafi 15 zuwa 25. Kuskuren da aka fi yi shi ne aika babin "waiwayen ayyukan da suka gabata" daga kundin digiri, mai jera sunayen marubuta. Aika tambaya ɗaya ƙarama, ka kawo nassin da Girkancinsa da lambar littafi da babi, ka fassara da kanka, ka nuna inda ka saɓa wa wani da hujjarka. Ka haɗa da jerin duk abin da ka karanta a harshen asali, da adadin shafuka, ba ƙari. Za a iya miƙo maka shafi a hira. Wasiƙun shaida uku, aƙalla ɗaya daga wanda ya ga Girkancinka da idonsa. Wasiƙar da za ka aika wa malamin da kake so ya duba ka kada ta wuce jimla shida: wane ne kai, me ka karanta nasa, mece ce tambayarka, ina harshenka ya kai. Doguwar gaisuwa da kirari a wurinmu ladabi ne, a wurinsu alama ce ta wasiƙar da aka aika wa mutum hamsin. Kuma ka guji mujallun biya-a-buga. Muƙala ɗaya a mujallar Acta Classica ta Afirka ta Kudu ta fi goma a can, goman ma suna iya jawo maka zargi. Don ka san abin da ake ciki a fannin, ka riƙa karanta bitar littattafai ta Bryn Mawr, kyauta ce.

Maganar aure ba mu ce a ɗaga ba, shekaru biyu ko uku na farko ai a gida za ka yi su. Amma a gaya wa yarinyar da iyayenta gaskiya tun yanzu, cewa akwai yiwuwar tafiya ta shekara biyar ko fiye. Alawus ɗin ɗalibi na mutum ɗaya aka yanka. A Amurka matar da ta bi mijinta da bizar iyalin ɗalibi galibi ba ta da izinin aiki. A Ingila tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na kwas ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike. Dokokin biza kuma suna juyawa kamar iskar damina, a duba su a shekarar da za a nema.

Shi kuwa Baba, kada ka je masa da Herodotus. Ka ce masa ba za ka bar aiki ba, ba za ka nemi sisinsa ba, digiri na biyun da za ka yi na Tarihi ne wanda ake ɗaukar malami da shi a kowace jami'a ko kwalejin ilimi, kuma ba za ka fita waje ba sai an biya maka komai. Sannan ka sa ranar da za ka zauna da shafin nan na Zenofon, wata goma sha biyu daga yau, ka yi masa alkawarin cewa in bai fassaru ba za ka sayi fom ɗin abin da yake so. Ka rubuta ranar a takarda ka ba shi ya ajiye.